Rigar da Muka Kai wa Shugaban Kwaleji

Shekara da shekaru ke nan, amma har yau in na bi ta gaban kwalejin nan a garin Greensboro na Amurka ba na kallon ɓangaren da gidan shugaba yake. Matata ta ce wannan riƙo ya yi yawa ga mutum mai furfura, ni kuwa na ce ta bar ni da abina. Na san wanda ya yi mana abin ya daɗe da barin gidan, amma ginin ma kansa haushi yake ba ni.

Lissafi nake koyarwa a wannan kwaleji a shekarun casa'in. Ƙarama ce ƙwarai, irin wadda in ka yi atishawa a ofishinka za a yi maka sannu a ɗakin cin abinci. Duk da haka ban san tana da ƙungiyar kokawa ba sai da ƙanen matata ya zo karatu daga Maraɗi ya sauka a gidanmu. Ƙato ne, wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya, kuma tun yana ƙarami yake kokawa a gida in kaka ta yi. Muna tsokanar juna kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanen matarsa, ni ina ce masa buhun gero, shi yana ce mini mai ƙafar sauro. Bai daɗe da zuwa ba ya dawo gida baki har kunne, wai ya gano inda Turawa suke kokawa a ƙarƙashin ƙasa.

Ba ƙarya ya yi ba. Ɗaki ne a ƙarƙashin tsohon ginin wasanni, manne da tukunyar da ke ɗumama ginin, zafi kamar gidan burodi. Rufin ya yi ƙasa har sai da aka naɗe bututun ruwa da soso don kada samari su fasa kai. An shimfiɗe ƙasa da tabarmar kokawa, wata katifar roba mai faɗi da ta sha faci. Mai ɗakin wani tsohon Bature ne ɗan Pleasant Garden, wani ƙauye da ke kusa da garin, kunnuwansa sun dunƙule kamar busasshen tumatir saboda shekarun da ya yi ana murza su. Shi ne koci, shi ne direban motar ƙungiya, shi ne mai wanke tabarma.

Shi ya kafa ƙungiyar tun yana saurayi, lokacin da ko tabarmar babu. Tsofaffin katifun ɗakin kwanan ɗalibai ya tattara ya lulluɓe da tamfol ya ɗinke da hannunsa. Yaransa 'ya'yan manoman taba ne da 'ya'yan ma'aikatan masaƙa, waɗanda manyan jami'o'i ba sa ko kallo. Tun zamanin da ake ƙyamar haɗa baƙaƙe da farare yake cusa su cikin mota ɗaya, in gidan abinci ya ƙi sayar wa wasu sai duka su koma mota su ci burodi da man gyaɗa. Da irin waɗannan yara ya riƙa cin kofin yanki, ya sha kunyata makarantun da suka ninka tamu girma, ya kai wasu gasar ƙasa baki ɗaya, har ɗaya ya dawo da lambar yabo. Hotunansu na jere a bango, daga marasa launi har masu launi. Kofunan kuwa a kan wani katako suke a saman tukunyar ɗumama gini suna shan ƙura, domin akwatin gilashin da ke sama na 'yan ƙwallon Amurka ne, ƙungiyar da tun da na zo ban ga ta ci abin kirki ba.

Ƙanen matata bai sha da daɗi ba da farko. A gida in ka kai mutum ƙasa, ko gwiwarsa ce ta taɓa, kokawa ta ƙare. A karonsa na farko ya ɗaga wani yaro ya maka da ƙasa, ya miƙe ya ɗaga hannuwa yana tafiyarsa yana jiran a yi masa guɗa, yaron ya taso ta baya ya kwashe shi. Da aka ce kuma ya durƙusa da hannu da gwiwa a fara daga nan, ya yi ƙememe ya ce shi ba a haife shi ya fara kokawa daga kaye ba. Na ɗauka tsohon zai kore shi. Sai tsohon ya cire takalmi ya durƙusa da kansa, ya ce ƙaton ya hau ya riƙe shi in ya iya. Kafin ka ce me tsohon ya sulale ya koma bayansa. Tun daga ranar ƙanen matata ya ba da kai, ni kuma na zama ɗan gida a ɗakin nan, malami ɗaya tilo a duk kwalejin da ke sauka wannan matakala.

A shekararsa ta uku ya kai karon ƙarshe a gasar yanki, wadda mai cinta ke wucewa gasar ƙasa, aka kayar da shi da ƙyar. Saura masa shekara ɗaya. Tsohon koci, mutumin da yabo ke yi wa wuya kamar cire haƙori, ya ce mini a cikin mota muna dawowa cewa baɗi ta yaron ce, in dai ƙafarsa ba ta karye ba.

Ba a yi nisa ba sai magana ta fara yawo cewa za a rufe ƙungiyar. Dalilan da aka bayar sun fi gashin kaina yawa. Yau a ce tsimi ake yi, gobe a ce ana son daidaita wasannin maza da na mata, don a ɗora wa 'yan mata laifin abin da ba su ji ba ba su gani ba. Gaskiyar kowa ya san ta: 'yan ƙwallo na son ɗakin su zuba injinan motsa jiki. An tsara cewa wani kwamiti zai yi zama a bainar jama'a ya ji ta bakin kowa, ya kai wa shugaban kwaleji, shi kuma ya yanke.

Tsohon ya zo ofishina da hularsa a hannu, karo na farko da na gan shi a saman bene. Ya ce shi ba gwanin magana ba ne, kuma maganar koci ba ta da nauyi tunda tuwonsa yake karewa. Tsofaffin yaransa za su zo, amma su baƙi ne yanzu. Abin da kwamiti ke ji shi ne muryar malami. Ya roƙe ni in tashi in yi magana ranar zaman. Na ce ya bar mini komai.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai maganar wurin dattijonmu, Alhaji, mai kantin kayan abincin gida, wanda duk Bahaushen da ke garin shi yake kai wa matsalarsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ni da karatuna ban san yadda ake neman abu wurin babba ba? Ba a tsayawa cikin taro a yi wa shugaba hayaniya. Gidansa ake zuwa, da manya, da gaisuwa a hannu. Na ga gaskiyarsa, don ni ma haka na tashi na ga ana yi. Alhaji ya shiga ɗaka ya fito da wata babbar riga fara, aska takwas, aikin hannu, wadda aka ɗinko masa daga gida bai taɓa sawa ba, ya haɗa da hula. Na ce ta yi yawa. Ya ce yaron nan namu ne, kuma tsohon da ya riƙe mana shi ya fi ƙarfin riga.

Muka nemi izini aka ba mu yammacin wata Lahadi. Mu huɗu muka je, ni da Alhaji da wasu dattawa biyu, kowa ya sha ado. Shugaban dogo ne, mai taushin murya, mai yawan murmushi. Ya tarbe mu a bakin ƙofa, ya zaunar da mu a babban falo, matarsa ta kawo shayi. Alhaji ya yi magana da Hausa ni ina fassarawa, kuma ina so a ji wannan da kyau: ba abin da na rage, ba abin da na lulluɓe. Mun faɗa masa ɓaro-ɓaro cewa mun zo roƙo ne kada a rufe ƙungiyar kokawa, mun ba shi tarihin tsohon, mun gaya masa ɗanmu shekara ɗaya ta rage masa. Ya dafa ƙirji yana gyaɗa kai, ya ce maganar ta taɓa shi, ya ce bai taɓa ganin karamci irin wannan ba.

Sai Alhaji ya miƙa masa rigar da hannu biyu. Mutumin nan ya warware ta, ya yaba aikin, ya tashi tsaye ya zura ta. Ya sa hular a karkace, Alhaji ya miƙe ya gyara masa. Ya kira matarsa ta ɗauke mu hoto, shi a tsakiya. Da muka tashi ya rako mu har bakin mota cikin rigar, ya buɗe wa Alhaji ƙofa da hannunsa, ya tsaya yana ɗaga mana hannu har muka karya kwana.

"Malam, magana ta ƙare," in ji Alhaji. "Mutum ya ji buƙatarka, ya sa rigarka, ya rako ka. Me kuma kake nema?"

Kafin ya sauka daga mota ya ja mini kunne. Ya ce ranar zaman nan kada in kuskura in buɗe baki, kuma in hana yaron. Tunda mun danƙa wa babba magana a hannunsa, in muka sake ɗaukarta muka kai gaban jama'a, mun nuna ba mu yarda da shi ba ke nan, kuma za mu ɓata abin da ya riga ya gyaru.

Washegari na sauka ɗakin ƙasa ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Na ba tsohon labari tiryan-tiryan. Ya tambaye ni ko shugaban ya ce ba za a rufe ba. Na ce ai ya sa rigar. Ya sosa dunƙulallen kunnensa, ya ce shi bai san sha'anin riga ba, amma dai in zo in yi magana. Na yi masa dariya, na ce ya kwantar da hankalinsa, mu muka san yadda ake bi da manya.

Ranar zaman ɗakin ya cika. Tsofaffin 'yan kokawa sun zo, wasu da tumbi, wasu da jikoki, suka jeru a baya. Tsohon ya tashi ya yi 'yar magana tasa yana inda-inda, ya zauna gumi na zuba. Aka ba baƙi dama, suka faɗi abin da ɗakin nan ya yi musu, aka gode musu irin godiyar da ake yi wa wanda ba a da niyyar saurara. Sannan matar da ke shugabantar zaman ta tambaya ko akwai wani daga cikin malamai da ke son yin magana a madadin ƙungiyar.

Tsohon ya juyo ya dube ni. Shugaban kwaleji ma, da ke zaune a layin gaba, ya waiwayo ya sakar mini murmushin nan nasa, har da ɗan gyaɗa kai. Na ɗauke shi a matsayin yana ce mini ai mun gama. Ƙanen matata da ke kusa da ni ya yunƙura zai tashi, na dafe masa gwiwa.

"Yaya, Coach yana kallonka," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Zauna. An gama maganar nan tun ranar Lahadi."

Ya zauna, don ni mijin yayarsa ne. Matar ta sake tambaya, ba wanda ya motsa, ta wuce magana ta gaba.

Kafin a tafi hutu aka sanar cewa an rufe ƙungiyar kokawa. A cikin dalilan har da cewa a zaman jin ra'ayi ba a sami ko malami ɗaya da ya goyi bayanta ba. A wannan makon kuma mujallar kwaleji ta fito, na buɗe sai ga hotonmu. Ga shi nan a tsakiya cikin rigar Alhaji, mu kuma a gefensa muna washe baki, an rubuta a ƙasa cewa shugaba yana ƙarfafa zumunci da al'ummar Afirka mazauna garin. Ko kalmar kokawa babu. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Ban nemi izinin kowa ba na faɗa ofishinsa. Ya tarbe ni da fara'a kamar ba abin da ya faru. Na tambaye shi don me ya karɓi rigar alhali ya san abin da zai yi. Ya nuna mamaki, ya ce shi ya ɗauka ziyarar al'ada ce mai kyau, kuma bai yi wa kowa alkawari ba. Ya ce da na yi magana a zaman da wataƙila kwamiti ya ga abin daban. Sannan ya ƙara da abin da har in mutu ba zan manta ba.

"In rigar ce damuwar, sai in sa a mayar muku. Sau ɗaya kawai na sa ta."

Da a gida ne wani ya ce zai mayar wa dattijo kyautarsa, da an san gaba ce ta har abada ya ƙulla, shi kuwa ya faɗe ta kamar mai mayar da takalmin da bai yi masa daidai ba. Na juya na fita, kuma ban taɓa gaya wa Alhaji wannan maganar ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Abokan aikina suka yi ta ba ni haƙuri mai haɗe da darasi. Wai ai nan ba haka ake yi ba, nan abin da aka faɗa a zama shi ne magana, da na tambaya da an gaya mini. To, na ji. Amma har gobe ban yarda a ce rashin fahimta ce tsakanin al'adu biyu ba, kamar yadda suke son lallaɓa abin. Mutumin nan ba yaro ba ne. Ya ga mutum huɗu, har da dattawa, sun bar harkokinsu sun zo gidansa, ya ji abin da suke roƙo da kunnensa, a cikin harshensa. Ko a wace ƙasa ce, mai mutunci zai ce ku yi haƙuri, wannan ba zan iya ba, ko ya ce ku je zaman ku yi magana don can ake yankewa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ga mun saki jiki, ya san shirunmu zai yi masa amfani, ya bar mu a haka, har yana waiwayowa yana yi mini murmushi. Wannan a garinmu sunansa yaudara, kuma na tabbata a garinsu ma sunansa ke nan.

Da rani aka kwashe ɗakin. Na je na tarar an zube hotuna da kofuna cikin kwalaye a bakin matakala, kusa da kwandon shara, ana jiran mai so ya ɗauka. Tsohon ya zo da akori-kurarsa, muka taya shi naɗe tabarma muka ɗora. Bai ce mini komai ba game da zaman, ko a ranar ko bayanta, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya kai kayan wani tsohon rumbun ajiye taba da ke bayan gidansa a Pleasant Garden ya shimfiɗa tabarmar a can.

Ƙanen matata ba shi da inda zai koma. Shekara ɗaya ta rage ya gama digiri, takardun zamansa a ƙasar na ɗaure da kwalejin, kuma ba makarantar da za ta ɗauki ɗan kokawa don shekara guda. Shi ma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai da sanyi ya shigo, lokacin da aka saba fara kokawa, ya riƙa aron motar yayarsa kullum da yamma yana tafiya rumbun nan, shi da tsohon da wasu yara biyu da suka rage. Ba gasa, ba alkalin wasa, ba 'yan kallo.

Abin da ya fi damun matata shi ne cinsa. A kokawarsu kowa da ajin nauyinsa, ana hawa sikeli da safiyar gasa, wanda ya ɗara ko da kaɗan ba zai shiga fili ba. Ajinsa yana ƙasa da ainihin jikinsa, don haka duk lokacin kokawa da yunwa yake yinsa. To, wannan shekarar ma haka ya yi. Ta dafa shinkafa ya ɗebi cokali biyu, ta yi miyar taushe ya ce ya ƙoshi, ya sa rigunan sanyi bisa juna ya fita gudu. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce wa zai auna shi, ya ci gaba da abinsa. Ta ce in yi masa magana. Ni da wane bakin?

Wata Asabar da safe, ƙarshen sanyi, ina zaune a falo ina duba takardun ɗalibai, sai ga shi ya fito daga banɗaki da sikeli a hannu. Yana sanye da 'yar matsattsiyar rigar kokawarsa mai sunan kwalejin a ƙirji. Sai a lokacin na tuna ranar ce ake gasar yanki, a wani gari can, babu mu a ciki. Ya ajiye sikelin a tsakiyar falo ya hau. Kumatunsa sun faɗa, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

"Yaya, zo ka duba."

Na tashi na sunkuya na karanta masa abin da allurar ta nuna. Daidai ajinsa, ko ɗigo bai ɗara ba.

"Ka shaida na yi weight, nauyina ya yi daidai?"

"Na shaida."

Ya sauka, ya mayar da sikelin inda ya ɗauko, ya ce wa yayarsa in akwai sauran tuwon jiya ta ɗumama masa. Ta ɗumamo ta kawo da miya, ta zubo mana namu. Ya zauna a ƙasa cikin rigar nan ya cinye tas, ya suɗe kwanon, ya ce a ƙaro. Ni da ita muna zaune muna kallonsa, abincinmu na gabanmu, ba wanda ya iya sa hannu.